Gishirin Bilma, dunƙule da kunun kanwa: gardama a zauren 'yan gida

Baffa: Salamu alaikum. Ku saurari muryar da na turo. Mai maganar yana cewa farin gishirin leda da ake zuba wa magani shi ke kawo hawan jini, amma na Bilma da mangul ko an ci da yawa ba sa komai. Ni dai na gamsu. Da kantu kakanninmu suka rayu har suka ga tattaɓa-kunne.

Gwaggo: Yaya, kantu ai dabbobi ake sa wa su lasa. Beza mutane ke ci.

Baffa: Ke dai ba a rasa ki.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Baffa, Allah ya ƙara girma, na saurara har ƙarshe, amma maganar ba ta da ƙafa. Sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi ke tayar da jini, kuma gishirin da ayarin Buzaye ke ɗaukowa daga Bilma da Fachi shi ma sodiyam ne a cikinsa. In ya yi yawa jiki sai ya riƙe ruwa, jini ya cika jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙyar, ƙoda ta gaji. Daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki. "Maganin" da yake zargi kuwa aidin ne, don hana maƙoƙo, kuma tun 1993 Najeriya ta wajabta sa shi.

Yaya Sani: To malama nas, mun ji. Amma ni ina tare da Baffa a rabi. Kuɗin makaranta, kuɗin haya, kuɗin mai, su ke tayar wa magidanci jini, ba miyar kuka ba. Ga zafin Kano, duk gishirin a gumi yake fita.

Hadiza: Yaya, damuwa tana da hannu, haka gado da ƙiba da shekaru. Gumin kuma na mai noma ne a tsakar rana, ba naka a ofis ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, a duk abincin yini. Duniya kuwa fiye da ninki biyu na haka take ci. Kai ka tsaya kicin ka kalli tukunya guda: a murtsuke dunƙule biyar, a barbaɗa farin magi, a ɗebo gishiri da yatsu, a jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi. Kusan rabin dunƙule gishiri ne. Da dare kuma ka tsaya wurin mai tsire, a bulbula maka yajin da shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi.

Yaya Sani: Sai a ci lami ke nan?

Aminu: A nan Ingila ba da wa'azi suka yi ba. Gwamnati ta matsa wa masu burodi da abincin gwangwani suka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Daga 2003 zuwa 2011 abin da mutum ke ci a rana ya sauko daga giram 9.5 zuwa 8.1, kuma ba wanda ya daina sayen burodi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Mu da muke da daddawa da citta da tafarnuwa ma ai mun fi su hanya.

Gwaggo: Ku tsaya. Me kanwa ta yi aka jefo ta ciki? Ita ba gishiri ba ce. Kunun kanwa ke kawo wa mai jego nono, ya gyara mata ciki.

Hadiza: Gwaggo, ki yi haƙuri, ita ma sodiyam ce, ɗanɗanon ne ya bambanta. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sun yi ta ganin masu jego da ciwon zuciya: ƙafa ta kumbura, numfashi na sarƙewa, mace ba ta iya kwanciya sai a jingine. Da suka bi diddigi suka danganta yawan abin da kunun kanwa mai kauri da ake sha kullum har arba'in, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa.

Gwaggo: Mu da aka yi wa duk wannan, ga mu nan muna tafiya da ƙafarmu.

Hadiza: Allah ya ƙara lafiya. Amma a gida in mai jego ta kumbura cewa ake yi sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata kunun da ruwan zafi. Sai ta galabaita ake kawo mana ita.

Baffa: Ni maganin hawan jinin nan ina sha. In ina sha, ina ruwana da gishiri?

Hadiza: Gishirin yana rage wa ƙwayar ƙarfi, Baffa. Akwai kuma wani da ake sayarwa mai fotasiyam a madadin sodiyam, amma kada ku taɓa shi sai likitanku ya duba ƙodarku da irin maganin da kuke sha.

Gwaggo: Matar Sani dai ta kusa, kuma ni zan zauna mata. Kunu zan dama. Kanwar zan rage, ba zan cire ba.

Hadiza: To ni ma zan riƙa zuwa da abin awon jini. In ƙafarta ta kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti za mu tafi a ranar.

Gwaggo: Ki zo. Ki taho da sabulu da turaren wuta, kada ki shigo min da na'ura kaɗai.