Gidan haya a Samaru: yaya ake lissafin riba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa wani gida mai ɗaki 8 a Samaru, Zariya, kuɗi naira miliyan 20, kowane ɗaki ana haya dubu 250 a shekara. Ya cancanci a saya?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Miliyan 2 ke nan a shekara, kashi 10 cikin ɗari, amma a takarda kawai. Ware hayar ɗaki ɗaya don fenti, kwasar masai, gyaran famfo da kwanon rufi. Ka kuma ɗauka ɗaki ɗaya zai zauna babu kowa. Saura miliyan 1.5, wato sai shekara 13 da 'yan kai kuɗinka zai dawo, ban da la'adar dillali.

Amsa ta 2: Malam, hayar Samaru da jami'ar ABU take numfashi. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata 8 ya ɗauka. Kada ka cika gidan da ɗalibai zalla, ka haɗa da ma'aikata.

Amsa ta 3: Yallaɓai, kafin ka biya ko sisi, ka tantance takardun a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu, nan ne rigima ta fi tasowa. Ka je ganin gidan a watan Agusta: yoyon rufi da damshin bango ba sa ɓoyuwa da damina. Sannan kowane ɗaki da mitarsa ta kati, don bashin wuta in ɗan haya ya tashi, kanka yake komawa.