Ƙarshen Marka: Kuɓewa Ta Yi Yawa, Tumatir Ya Ruɓe

Uwargida daga Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan ɗan lambun da na yi bana a kangon da ke jikin gidanmu. Kuɓewa ta yi albarka har ta fi ƙarfin tukunyata, na raba wa maƙwabta, amma kullum da safe sai na tarar da wata ta isa tsinka. Tumatir kuwa ya kunyata ni, domin tun da marka ta kankama a watan Agusta ganyensa ya fara baƙi daga ƙasa, furen ya zube, 'ya'yan da suka rage kuma suka tsage suka ruɓe tun ba su nuna ba. Yaya zan shanya kuɓewar nan alhali rana ba ta tsayawa? Kuma in sake zuba irin tumatir yanzu ne, ko in dakata?

Dattijo mai lambu, Meskin, kusa da Marwa a arewacin Kamaru:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ba hannunki ne ya ɓata tumatirin ba, lokacin ne bai dace ba. A ƙasarmu tumatir ɗan sanyi ne, yana son ruwa a gindi da bushewa a ganye, ita kuwa marka akasin haka take yi masa, tana feso ƙasa a jikin ganyen ƙasa-ƙasa, daga nan cutar take hawa. Ki tumɓuke abin da ya rage ki ƙone shi, kada ki zuba a ramin taki, kuma kada ki mai da tumatir, ko gauta, ko barkono a wannan wurin bana, domin danginsu ɗaya kuma cutarsu ɗaya.

Amma zuba iri kam lokacinsa ya ƙarato. Daga tsakiyar Satumba ki ta da ɗan fangali ya ɗara ƙasa da kamar taƙi ɗaya, ki gauraya shi da tsohon kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe, ki kafa masa ƙaramar rumfar zana saboda ruwan bankwana, wanda yakan zo da iska. Bayan mako uku zuwa huɗu sai dashe, da yamma. Albasa ta fi shi jinkiri, takan yi kwana 45 ko fiye a fangali kafin kaurinta ya kai na fensir. Mu nan irin Gudami muka gada, wasu kuma sun koma ga 'yar Galmi ta Nijar. Ga mai ɗan lambun gida, wadda ta samu mai kyau a cikinsu ta isa.

Hajiya daga Pitowa:
Ƙanwata, zancen tumatir Baba ya gama shi, bari in ɗauki na kuɓewa. Ki tsinke ta tana ƙarama, wadda bakinta ke karyewa idan kin lanƙwasa, domin wadda ta tsufa ko an daka ta gari ba ta yauƙi. Kada ki wanke ta bayan yanka. Ki yanka ta sirara da sassafe, ki baza a tabarma a kan rumfa ko kan kwano, ba a ƙasa ba, kuma kada yanka ya hau kan ɗan'uwansa. Idan hadari ya haɗo ki shigar da ita ɗakin girki kusa da murhu, amma kada ki tara ta a kwarya da danshinta, dare ɗaya ya isa ta yi fumfuna. Ni na yi wannan asarar bara, na ɗaure rabin buhu ina ganin ta bushe, da na kwance bayan mako biyu sai na tarar da ita ta yi fari fat.

Ganye kuwa, wato yakuwa da lalo da tafasa da zogale, a inuwa ake shanya su inda iska ke ratsawa, in ba haka ba rana ta cinye korensu su koma kamar ƙaiƙayi. Maƙwabtanmu Fulani sun fi mu kula da wannan, kowace mace tana da folere da tasba, wato yakuwa da tafasa, a ajiye tun kafin kaka, shi ya sa miyarsu ba ta yankewa da bazara.

Malamin makaranta, Kusiri:
Ina gaida Baba da Hajiya. Ni damuwata ƙwari ne. Tsutsa ta shiga zuciyar 'yar masarar da na shuka, ƙananan ƙwari kuma sun manne a bayan ganyen wake. Wani maƙwabcina ya kawo mini ragowar maganin feshin auduga, ya ce shi ne maganinsu, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Dattijo mai lambu, Meskin:
Malam, ka mayar masa da abinsa da godiya. Maganin auduga an haɗa shi ne don shukar da ba a ci, kai kuwa ganyen waken nan da 'ya'yansa gobe suna cikin tukunyar iyalinka. Ga darbejiya nan ta cika titunanmu muna zubar da 'ya'yanta a shara. Ka samu busassun 'ya'yan kamar rabin kilo, ka daka, ka jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan saka sabulu kaɗan don ya kama ganye, ka fesa bayan la'asar. Ba ya kashewa nan take kamar na kanti, hana ƙwaron ci yake yi, saboda haka sai ka maimaita duk mako, da kuma bayan kowane ruwa. Tsutsar masara kuwa, tun da ba gona ba ce, ka bi da hannu da sassafe ka cire, sannan ka barbaɗa toka haɗe da yashi a cikin zuciyar.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Ina so in ƙara magana kan ajiyar wake, domin nan da Oktoba zai shigo kasuwa da araha, kuma a nan ne mutane ke zuba masa guba don gudun ƙwaro. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake kira PICS. Mutane da yawa ba su san cewa a nan Marwa aka fara gwada dabarar ba, tsakanin masu binciken IRAD, wato cibiyar binciken noma ta Kamaru, da na Jami'ar Purdue ta Amurka. Sirrinsa kawai hana iska shiga, ƙwaron da ke ciki ya shaƙe ya mutu. Sharaɗin shi ne waken ya bushe sarai, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Wadda wakenta bai wuce kwano biyar ba, jarka mai murfi ta ishe ta, muddin ta cika ta har wuya.

Gyaɗa ma haka, Hajiya. Idan za a saya sabuwa a girgiza, wadda ba ta ƙara a cikin ɓawonta ba ta bushe ba, kuma fumfunar gyaɗa tana da dafin da ke lahanta hanta, wanda suya ba ta kashe shi.

Hajiya daga Pitowa:
Gaskiyarki, 'yata. Tun da an zo zancen saye, ina roƙon mutanen Garwa su daure su fito kasuwarmu ranar Lahadi da wuri, tafiyar ba ta da nisa. Matan ƙauye suna isowa da kayan gonarsu a ka, kafin hantsi 'yan sari sun kwashe, su kai cikin gari su ninka kuɗin. Abin da ke ba ni haushi shi ne mace ta biya kuɗin tumatirin gwangwani ba ta ce uffan ba, amma ta tsaya tana taya kashin yakuwa a wurin tsohuwar da ta tako tun asuba. A yi ciniki, amma a yi shi da tausayi.

Ɗan kasuwa, Njamena:
Hajiya, a gafarce ni, ba zan yarda da ke gaba ɗaya ba. Ɗan sari ma yana biyan kuɗin mota a hanyar da ruwa ya yanke, kuma shi ke ɗaukar asarar abin da ya ruɓe. Amma na yarda cewa mai hali ya saya kai tsaye. Mu nan masu lambu a bakin Shari da Logon suna janyewa sama idan kogi ya cika a Satumba da Oktoba, don haka ɗanyen ganye yakan yi tsada a daidai lokacin da ku yake muku araha. Abin da nake yi shi ne in sayi busasshiyar kuɓewa da zoɓo, wanda a nan ake ce wa karkanji, da mudun awonmu da ake kira koro, in ajiye. Shinkafa kuwa ta Yagwa da Maga nake ci. Tana bukatar tsinta da wanki, amma idan sabuwa ce ƙamshinta ya fi na wadda ta kwana wata da watanni a jirgin ruwa.

Dattijo mai lambu, Meskin:
Mai son dawa kada ya yi gaggawar cika rumbu. Jigari, wato jar dawar damina, ita ce ke shigowa yanzu, a sayi na ci. Masakwa kuwa yanzu take fangali, sai ruwa ya janye daga karal, wato ƙasar laka mai riƙe danshi, a dasa ta, ba za a yanke ta ba sai wajen Janairu da Fabrairu. Mai son farin tuwo ya rage kuɗinsa har lokacin.

Uwargida daga Garwa:
Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Na tumɓuke tumatirin yau da safe, kuɓewa kuma tana kan rumfa, na sa yara su riƙa duban gabas saboda hadari. Hajiya, in Allah Ya kai mu Lahadi zan shigo Pitowa bayan sallar asuba, ina son gyaɗa kwano goma da irin albasa kaɗan. Baba, wurin da na cire tumatirin, zan iya zuba alayyahu a ciki kafin sanyi ya shigo?

Dattijo mai lambu, Meskin:
Ki zuba, 'yata, alayyahu ba danginsa ba ne. Ki gauraya irin da yashi kafin ki watsa don kada ya fito a cunkushe, nan da mako huɗu kina yanka.