Neman Taimako: Ɓera Ya Gaigaye Wayar Sandar Wii

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Muna da tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta Wii a gidanmu da ke Agege, wadda ni da yara muke buga tanis da dambe a kanta bayan sallar isha'i. Makon jiya ɓera ya gaigaye siririyar wayar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin, tun daga nan alamar hannu ta daina fitowa a allo, ko da yake shuɗiyar fitilar rimot tana kamawa. Na sauya batir, ban ga canji ba.

An ce kyandir biyu suna iya maye gurbin sandar, tunda haske kawai take aika wa rimot, amma ina tsoron kunna wuta inda yara ke wurga hannu. Shin wayar tana gyaruwa, ko kuwa in nemi sanda mai batir a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da wayoyi?