Baranda ba pila: ku ba ni shawara kafin a zuba kankare

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina gini a Rigasa, Kaduna, har an zuba linta. Ina son rufin baranda ya fito ƙafa biyar a ƙofar falo, amma ba na son pila, don filin a matse yake, in aka kafa pilar, mota ba za ta shige ba. Birkilana ya ce abu mai sauƙi ne: zai huda lintar, ya cusa rodi mai milimita 12, a zuba bim, wato doguwar kankaren da za ta ɗauki rufin, ya miƙo waje. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Masana, don Allah.

Wani injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yarda. Bim ɗin da ba shi da pila a baki, ƙarfinsa yana bayansa ne, kamar ka miƙa hannu riƙe da bokitin ruwa, kafaɗa ce ke shan wuya. Ƙa'idar da aka saba, abin da ya koma cikin gini ya ninka na waje sau biyu: ƙafa biyar a waje, goma a ciki, da nauyi a kansa. Rodin da aka cusa a rami ba ya yin wannan aikin.

Kuma irin wannan bim ta sama yake tsagewa, don haka manyan rodin a sama ake jera su. Nan ake yawan kuskure. Na sha ganin an ɗaure su daidai, lebura ya bi ta kai da kwanon kankare ya tattake su ƙasa, aka zuba a haka. Ranar zubi ka tsaya da kanka. Katakon tokara kuwa a bar shi, kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfi. Girman rodin ba zan faɗa a nan ba, sai an ga zane. Nemi injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya lissafa maka.

Wani kafinta: Yallaɓai, in kwano kawai za ka ɗora, me ya kai ka kankare? A tsawaita katakon rufin, ko ka je Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, a yi maka na ƙarfe da tokara a jikin bango. Ni tsorona iskar farkon damina ce, ta ƙasa take shiga ta ɗaga rumfa. A ɗaure da langa-langa har cikin linta, ƙusa kaɗai ba ta riƙewa. A shafa maganin gara.

Wata Hajiya: Mu pila muka sa a kusurwa, motar ta koyi kwana a waje.

Wani: Barandar tana cikin zanen da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta amince da shi? Duba tukuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Kwano ne kawai, ba rufin kankare ba. Na ce wa birkila ya dakata, ya ɗan ɓata rai. Injiniya, in na ƙarfen ne, bulo mai inci shida zai riƙe tokarar, ko sai an cika shi da kankare?