Da me ake auna ɗaurin bel ɗin babur?

Bakanike a Ringim:
Assalamu alaikum. Aikina gyaran babura ne, kuma kusan duk abin da ke zuwa hannuna mai sarƙa ne, irin su Bajaj Boxer da Jincheng. A makon nan wani bawan Allah ya kawo mini babban babur na hannu, Harley-Davidson, wanda bel mai haƙora ke jan tayarsa ta baya. Na sauya masa taya, sai dai na rasa yadda zan tabbatar ɗaurin bel ɗin ya yi daidai. Shin akwai abin awo na musamman, ko kuwa danna shi da babban yatsa ya wadatar, kamar yadda muke yi wa bel ɗin injin niƙa?

Mai gareji a Kazaure:
Wa alaikumus salam. Malam, yatsa ba zai fisshe ka a nan ba, domin ƙarfin dannawar kowa daban yake, kuma wannan bel ɗin, saboda zaren da ke cikinsa ba ya miƙewa, milimita kaɗan ne tsakanin daidai da kuskure. Abin awon da kamfanin ya tanada ɗan gajeren sanda ne mai sifirin a ciki, da alama a jikinsa wadda ke nuna ka kai ƙarfin kilo 4.5. Za ka kafa shi a tsakiyar ɓangaren bel ɗin na ƙasa, ka tura sama har ka kai alamar, sannan ka duba da rula nawa bel ɗin ya gusa. A wasu samfurori abin da ake so milimita 6 zuwa 8 ne, a wasu kuwa ya haura 10, don haka sai ka nemo littafin wannan samfurin a intanet. Shi ne kuma zai faɗa maka ko a jingine za a auna babur ɗin ko a ɗage. Ka bari bel ɗin ya huce tukuna, ka juya taya ka auna a wurare da dama.

Mai injin ban ruwa a Haɗeja:
Maigida ya yi bayani, amma samun wannan sandan a ƙauye ba abu ne mai sauƙi ba. Tun da nauyin da ake buƙata sananne ne, sikelin rataye da ake auna kaya da shi zai iya aikin: a zagaya bel ɗin da ƙyalle mai faɗi, a maƙala ƙugiyar, a ja har allura ta nuna kilo 4.5. Akwai kuma manhajar waya ta kamfanin Gates da ke sauraron amon bel idan an kaɗa shi, sai dai ba ta da amfani in ba ka da adadin amon da kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya ƙayyade, kuma hayaniyar bakin kasuwa tana ruɗa ta.

Mai gareji a Kazaure:
Na yarda da dabarar sikelin, da sharaɗin a fara gwada shi da ruwa lita 4 da rabi a cikin leda, domin sikelin da ya daɗe a kasuwa yakan yi ƙarya. Kada kuma ƙugiyar ƙarfe ta taɓa bel ɗin kai tsaye. Abin da na fi ji wa tsoro shi ne ɗauri fiye da ƙima, wanda ke cinye boris ɗin taya da na giya ba tare da mai babur ya ankara ba. Saki da yawa kuwa yana sa haƙora su yi tsallake idan an ja mai da ƙarfi. Ka kuma gargaɗi mai shi game da hanyoyinmu na burji, don tsakuwa ɗaya in ta shiga tsakanin bel da farantin haƙoran da yake juyawa a kai tana iya huda shi, sannan kada yaran gareji su zuba masa baƙin mai ko giris bisa sabon da suka yi da sarƙa.

Bakanike a Ringim:
Allah ya saka da alheri. Maƙwabcina mai sayar da hatsi yana da sikelin, zan aro shi gobe in Allah ya kai mu, bayan na duba lambar samfurin a jikin babur ɗin.