Na sayar da fili na shiga kiwon kaji, yanzu kaina ya ɗaure

Baban Yara: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, barci ya ƙaurace mini. Bara na sayar da filin da na gada, bayan doguwar rigima da baffana a kan iyaka, sai da mai unguwa ya shiga tsakani, har yau ma baffan da ƙyar yake amsa gaisuwata. Da kuɗin na gina ɗakin kaji, na sayi keji da kaji masu ƙwai. Yanzu abincinsu ya yi tashin gwauron zabo. Wani ya taya kejin da kajin gaba ɗaya, amma tayin bai kai rabin abin da na kashe ba. Uwargida ta ce in sallama. Ni kuma so nake in ci bashi in ƙaro kaji.

Hajiya Mai Ƙwai: Kada ka sayar, ɗana. Kowace sana'a sai da haƙuri. Ni ma masu kawo dusa sun cuce ni, rabin buhu ƙasa ce, na kai ƙara babu abin da aka yi.

Malamin Kwaleji: Malam, nawa ke shigowa a wata, nawa ke fita? Ba ka faɗa ba, kuma nan ne duk maganar take. Kuɗin fili ya tafi, ko ka sayar ko ka riƙe ba zai dawo ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wannan tarkon: mutum ya ci gaba da zuba kuɗi saboda abin da ya riga ya zuba. Haka Ingila da Faransa suka yi ta narka dukiya a jirgin sama na Concorde bayan sun ga ba zai mayar da kuɗinsa ba. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, shi ya sa mai asara yake yarda ya ƙara kasada. Bashin nan kenan.

Baban Yara: Malam, ni ba caca nake ba. Kullum ina ganin matasa a YouTube da suka fara da kaji kaɗan, yanzu suna da motoci.

Malamin Kwaleji: Wanda kajinsa suka mutu ba ya ɗaukar bidiyo. Kai kuma irin labarin da zuciyarka ke so kake nema. Sannan ka kafe a kan farashin da ka saya, alhali kasuwa ba ruwanta da shi. Amsa mini ɗaya: da a ce yau kuɗin tayin ne a hannunka, babu kaji, za ka je ka saye su?

Ɗan Kasuwa: Kai Malam, lissafin allo daban na kasuwa daban. Ku 'yan boko ne kuka hana ƙanena noman rani, yanzu ga shi yana zaman kashe wando. Ɗan uwa ka yi istihara, ka rage kajin, ka koma haɗa abincin da kanka.

Hajiya Mai Ƙwai: Ko ka juya zuwa na nama kafin salla.

Malamin Kwaleji: Har yanzu bai kawo lissafin wata ba.

Baban Yara: Ba na rubutawa, amma na san ana samu. Kuma idan na sayar me zan ce wa baffana? Akwai wanda ya san inda ake ba da bashi ba ruwa?