Suna karanta Turanci amma ba sa jin sa, me za a kunna musu?

Malama Rabi: Assalamu alaikum, malamai. 'Yan aji ɗaya na babbar sakandare ne, su 70 da ɗoriya. In rubutu ne suna karantawa su amsa tambaya, amma da an kunna musu murya sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Wace murya ta dace da su, kuma ina ake samu ba tare da an ƙarar da data ba?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. 6 Minute English na BBC Learning English. Muryar da rubutaccen zancen duk kyauta ake saukewa.

Malam Nura: Ya fi ƙarfinsu, Malam Habu. Mutum biyu ne ke hira da sauri, har da raha. Gara shafin LearnEnglish na British Council, don an kasa darussan sauraro mataki-mataki daga A1, mafi sauƙi, zuwa C1, mafi wuya. Ta fara da A2.

Malam Garba: Malama, ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don matsalar ba a muryar take ba, a yadda ake amfani da ita take. Abin da aka saba shi ne a rubuta tambaya goma a allo, a kunna minti shida sau biyu, a karɓi littattafai a yi maki. Wannan jarrabawa ce, ba darasi ba. Wanda ya ci uku yau, uku zai ci mako mai zuwa, domin ba wanda ya nuna masa inda zancen ya kuɓuce masa. Daga nan yara su tsani abin, da sun hango an shigo da sifika sai a fara neman izinin zagayawa.

Kuma galibi ba kalmomin ne ba su sani ba. Ki rubuta "What did you do?" a allo, kowa ya san ta. Amma in Bature ya faɗa, abin da ke isa kunne "wodijudu" ne, dunƙule guda. "A cup of tea" ta koma "akapati". Ƙananan kalmomin nan, of da to da for da and da can da was, murƙushe su ake yi a baki har wasalinsu ya kusa ɓacewa. Mu kuwa a Hausa kowace gaɓa sai mun ba ta haƙƙinta, in baƙaƙe suka yi cunkoso ma sai mun cusa wasali a tsakani, shi ya sa bread ya zama burodi. Yaro yana jiran ya ji kalma yadda ya gan ta a takarda, ita kuwa tuni ta wuce.

Ga yadda za a kasa minti 40. Ki yanko abin da bai wuce daƙiƙa 60 ba. Minti 5 na farko shimfiɗa: su wa za su yi magana, a ina, sai kalmomi huɗu ko biyar waɗanda in babu su labarin ba zai fito ba. A furta su da baki yara su maimaita, kada a tsaya ga rubuta su, don Wednesday da vegetable da island ba yadda ake rubuta su ake faɗa ba. A ji na farko tambaya ɗaya tak kan gundarin zancen, kowa ya ajiye biro. A na biyu tambaya uku ko huɗu kan lokaci, farashi, suna. Kada ki karɓi amsa tukuna. Kowa ya gwada tasa da ta maƙwabcinsa, ke kuma ki zaga ki ga wace tambaya ce ta fi kayar da su. To nan darasin yake. Ki koma kan wannan jimlar ita kaɗai, ki kunna ta sau uku ko huɗu, ki tambaye su kalma nawa suka ji. Duk abin da suka faɗa ki rubuta a allo ko da kuskure ne, a bar gurbi inda ba a ji ba, ana sake kunnawa ana cikewa. Wannan kaɗai zai ci minti 15. Sai bayan haka a nuna rubutaccen zancen su ji suna bi da ido, sannan a rufe shi su yi ji na ƙarshe da kunne zalla. In aka ba su rubutun tun farko, karatu kawai za su yi.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri, Malam. Amma minti 15 kan jimla ɗaya? Manhaja fa tana jira.

Malam Garba: Sau ɗaya a mako ya wadatar. Sauran ranaku shifta ta minti 5, jimla uku, amma a karanta da saurin magana, ba kalma-kalma ba.

Hajiya Talatu: A haɗa da sautukan da Hausa ba ta bambanta su. Pan da fan, copy da coffee, vote da boat, think da sink, three da tree. Ki rubuta su a allo ƙarƙashin lamba 1 da 2, ki faɗi guda, su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu. Ko su 70 ne nan take za ki ga wanda bai ji ba. Ki kare bakinki da takarda, in ba haka ba leɓɓanki za su karanta. Ship da sheep kuwa ki fara da abin da suka sani: dafa abinci da dafa kafaɗa, rubutu ɗaya, tsawon wasali daban. Thirteen da thirty su lura da gaɓar da aka danna, ta ƙarshe ko ta farko.

Malam Habu: Rikicin p da f ai na Kanawa ne, Hajiya. Mu a Zazzau da su aka yaye mu. 😄

Malam Nura: Turo mana "fifty people" da muryarka, zaure ya yanke hukunci.

Malam Sule: Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Test of Orals na WAEC, wato takardar sautukan Turanci, tambaya 60 ne cikin minti 45, duk a takarda, ba abin da ake kunnawa.

Hajiya Talatu: Shi ya sa suke haddace alamomin sautin da ba su taɓa ji ba, Malam Sule. Tambayar kalmomi masu amo ɗaya da ta gaɓar da ake dannawa, mai sabon kunne ne ke cin su. Ga lacca a jami'a tana jiran su, kuma ba a rubuce take zuwa ba.

Malam Issaka: Mu nan Kumasi kunnawa ake yi. A Ghana takarda ta uku ta Turanci a WAEC sauraro ce, ɗalibi ya ji ya zaɓi amsa. Ba mai wasa da ita.

Malam Nura: Haka IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje. Sashe 4, tambaya 40, kusan minti 30, kuma sau ɗaya ake ji, da bakin Ingila da Ostireliya da Amurka a gauraye.

Malam Sule: To me ya haɗa 'yan aji ɗaya da IELTS? A fara musu da Turancin da za su ji a gari, labaran rediyo na gida.

Malam Garba: Nan kam da gaskiyarka. Malamai biyu ma suna iya naɗar gajeriyar hira da waya a ɗaki rufe, fanka a kashe. Amma kada a zauna a nan har zango ya ƙare, bayan mako huɗu a fara gauraya bakuna.

Malam Sule: Ai dama abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Hajiya Talatu: Ba shi ka faɗa ba, Malam, ka hau sama ka duba.

Malam Bala: Ba wanda ya taɓo sifika, alhali ita ke kashe darasin. Mai caji, a ɗora ta daidai tsayin kan wanda ke tsaye, ba kan tebur ba, don jikin 'yan gaba yana shanye sauti. A rage gangar a ƙara siririn sauti, saboda s da t da f can suke, rufin kwano kuma yana ƙara amsa-kuwwa. Kafin yara su shigo a kunna a je kujerar baya a saurara. In ruwan sama ya sauko kan kwano a haƙura a koma wani darasi. Waya kuma a cire mata sabis, kada kira ya shigo ana tsaka da ji.

Malam Habu: In zancen ya yi sauri fa? VLC, app ɗin kunna murya da bidiyo, yana rage gudu.

Malam Bala: Yana yi, amma kada a sauka ƙasa da 0.8, murya tana jan jiki, haɗewar kalmomin da ake son su koya ta lalace. Gara a bar gudun yadda yake a saka shiru na daƙiƙa uku tsakanin jimloli da Audacity, app ɗin yanka murya da gyara ta, kyauta ne a kwamfuta.

Malama Rabi: To yanzu A2 ɗin zan ɗauka ko rediyo?

Malam Bala: Batun data da kika yi, minti ɗaya na MP3 galibi bai fi megabayit ɗaya ba. Mutum ɗaya ya sauke na zango guda ya zuba a memori, saura su karɓa ta Xender. Wa ke da kwamfuta a cikinmu ya yanyanka mana su daƙiƙa 60-60?